Taku Ɗari Tsakanin Zaure Da Ƙofar Jirgi: Abin Da Muka Gani Daga Kano Zuwa Jidda

Kowace shekara in lokacin tashin maniyyata ya gabato, akan tara su a yi musu bita a kan ɗaura harami, da ɗawafi, da sa'ayi, da tsayuwar Arfa. Akan kuma ja musu kunne game da fasfo da guzuri da nauyin kaya. Duk wannan daidai ne. Amma akwai wata 'yar tafiya da ba kasafai ake ambatonta ba, watau tafiyar da ke tsakanin ƙofar zauren matafiya da ƙofar jirgin sama. Ba ta cika wuce taku ɗari ko ɗari biyu ba, amma a cikinta ne mutum ke ratsa wurin da ya fi ko'ina haɗari a filin jirgi. Mu kanmu ba mu san nauyinta ba sai da muka ga wani abu da idonmu a Kano, ranar da za mu tashi zuwa Madina. Abin da za mu faɗa ya shafi alhaji, ya shafi ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ko Guangzhou sarin kaya, ya kuma shafi ma'aikacin gwamnati mai zuwa Abuja taro.

Kakanninmu a ƙasa suke zuwa Makka. Sukan bi ayari ta Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, su haye daga Sawakin zuwa Jidda. Wani yakan yi shekaru a hanya, wani kuwa ya yada zango a Sudan, zangon ya zama gida, ga zuriyarsu nan har yau. Ayari yana da dokarsa: madugu ke faɗin inda za a sauka da lokacin da za a tashi, ba kuwa wanda zai bar sahu ya bi son ransa. A watan Nuwamba na 1925 ne jiragen sama uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, a 1936 kuma aka fara zirga-zirgar jiragen fasinja da wasiƙu tsakanin Hartum da Kano. Yau tafiyar da ta ci wa kakanninmu shekaru ta koma ta awa biyar ko ƙasa da haka. Tafiya ta gajarta, amma dokar ayari tana nan, sai dai madugun ya canja kama.

HULAR BABA ALHAJI

A watan Mayu ne, rana ta take, ga hadari yana haɗowa daga gabas. Bayan doguwar jira aka buɗe mana ƙofa a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, aka ce mu fito a jere. Jirgin yana tsaye can a farfajiya, an jingina masa matattakala biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. An jera wasu jajayen robobi masu tsini a ƙasa sun zagaye fiffike da injuna, ga ma'aikata sanye da riguna masu ƙyalli sun tsaya nan da can suna nuna hanya. Waɗanda kujerunsu ke baya aka ce su yi zagaye ta wajen ƙarshen fiffike, kada su ratsa ta ƙarƙashinsa, ko da yake nan ne inuwa take, nan ne kuma hanya ta fi kusa.

Gabanmu akwai wani dattijo ɗan kasuwa, ya sha babbar riga da hula zanna, hannu ɗaya da jaka, ɗaya da buta. Muna tsakiyar fili sai iskar hadari ta taso, ta fizge hular, ta yi ta mirgina da ita zuwa ƙarƙashin fiffike. Dattijo bai yi wata-wata ba, ya ajiye buta, ya tattare riga, ya bi ta. Wani saurayi cikin ma'aikatan ya sha gabansa da gudu, ya buɗe hannuwa biyu.

Ya ce, "Baba Alhaji, don Allah dakata. Kada ka ƙetare robar nan."

Dattijo ya ce, "Yaro, hulata ce fa, ga ta can kana gani."

Saurayin ya ce, "Na gani, Baba. Ni zan ɗauko maka. Ka dubi motar can, mai ake zuba wa jirgi. Ka koma sahu, Allah Ya ba ka haƙuri."

Dattijo ya koma yana gunaguni, wai yaran zamani ba su san girma ba. Kafin ya kai matattakala an kawo masa hularsa, an karkaɗe ta. Da muka zauna a ciki, Allah Ya haɗa kujerarmu da tasa, ya dube mu ya ce, "Malam, jirgin nan fa a tsaye yake. Mene ne abin tsoro ga abin da ba ya motsi?" Tambayar ta dace, kuma amsarta ce dalilin wannan rubutu.

JIRGI A TSAYE BA BARCI YAKE BA

Abu na farko shi ne injin. Injin jirgi na zamani iska yake zuƙa ta gaba da ƙarfi, ya ƙona mai, ya feso huci ta baya. Ko da matuƙi bai taka shi ba, yana ɗan juyawa kawai, yana iya janyo mutum daga nisan ƙafa 10 zuwa 15, gwargwadon irin jirgin. Ranar 31 ga Disamba 2022, a garin Montgomery na jihar Alabama ta Amurka, wani jirgin fasinja ya sauka ya tsaya a mazauninsa, injinsa bai mutu ba tukuna. Wata ma'aikaciyar filin ta matsa kusa da shi, injin ya zuƙe ta, nan take ta rasu. Wannan fa wadda ta san aikin ke nan, balle baƙo mai babbar riga ko mayafi da iska ke kaɗawa. Ta bayan injin kuwa, hucinsa yana da zafi, yana kuma da ƙarfin da zai kayar da ƙato ya yi jifa da amalanken kaya.

Ta yaya mutum zai san injin yana aiki alhali ƙara ta cika fili? Akwai alama. Kowane jirgi yana da jar fitila mai walƙiya, ɗaya a bisa gadon bayansa, ɗaya a ƙarƙashin cikinsa. Matuƙi yakan kunna ta kafin ya tayar da injin, ba ya kuwa kashe ta sai injin ya tsaya. Muddin tana walƙiya, ko ma'aikata ba su kusantar jirgin. Ƙarar da muke ji sa'ad da muke hawa yawanci ta wani ƙaramin injin ce da ke cikin wutsiya, mai ba jirgi lantarki da sanyi, shi ma yana fitar da huci mai zafi ta can baya. Sa'an nan kada mu manta, ko namu jirgin ya yi shiru, na kusa da shi yana iya kasancewa a shirin tashi.

Masu hawa ƙananan jirage masu farfela, irin waɗanda ke zirga-zirga tsakanin garuruwan cikin ƙasa, su ne ya kamata su fi kowa kiyayewa. Farfela in tana juyawa da sauri ido ba ya ganinta, sai ka ɗauka fili ne. In ta tsaya ma ba a taɓa ta, ba a jingina da ita, ba a ratsawa ta tsakanin fuka-fukanta. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Abu na biyu shi ne mai. Mutane da yawa ba su san cewa tankin jirgi a cikin fuka-fukansa yake ba. Babban jirgin nan Boeing 747, wanda ya daɗe yana jigilar alhazai, yana shan fiye da lita 200,000, watau ya fi tankokin mai shida irin masu lita 33,000 da muke gani a hanya. Man jirgi ɗan'uwan kananzir ne, kuma ƙa'idarsa ita ce kada tururinsa ya iya kama wuta sai zafin man ya kai digiri 38. To, mai karatu ya san zafin Kano da Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, ya san na Jidda, ya kuma san yadda kwalta ke ɗaukar zafi fiye da iska. Yayin da ake ɗura mai, tururi yana fita ta wasu kafofi kusa da ƙarshen fiffike. Shi ya sa za ka ga an haɗa motar mai da jirgi da wata waya kafin a fara, don kada tartsatsi ya tashi tsakaninsu. Shi ya sa kuma aka hana taba da ashana da leta a farfajiyar jirage, ake kuma cewa a mayar da wayar hannu aljihu. Inuwar fiffike da ta ba Baba Alhaji sha'awa inuwar tanki ce.

Abu na uku, tayoyi da birki. Jirgin da ya sauka yanzu birkinsa yana da zafi na ɗaruruwan digiri, iskar da ke cikin tayarsa kuwa ta ninka ta tayar ƙaramar mota wajen sau shida. Ana sa wa tayoyin waigi kamar yadda yaron mota ke yi wa babbar mota a gangare, kuma ba a kawo matattakala sai an sa shi. A jikin jirgi kusa da hanci akwai wasu 'yan bututu masu tsini da ke auna gudun iska. Ana ɗumama su da lantarki, suna iya ƙona hannu, in kuma an lanƙwasa ɗaya an jefa matuƙi cikin matsala a sama. Saboda haka ba a shafa jikin jirgi.

Abu na huɗu, motoci. Fasinja ta hagun jirgi suke shiga, ta dama kuma ake loda kaya da abinci, don kada mutane da motoci su cakuɗe. Direban motar kaya ko motar tura jirgi ya toshe kunnuwansa saboda ƙara, idonsa yana kan fiffike da mai yi masa alama da hannu. Bai sa ran ganin mutum a wajen layin da aka shata ba.

ƘARAMIN ABU, BABBAR ƁARNA

Da muka gama wannan bayani sai dattijon ya ce, "To, ai da sai a bar hular kawai." Muka ce a'a, barinta ma laifi ne, abin da ake so shi ne a nuna wa ma'aikaci ya ɗauke. Duk abin da ya faɗi a farfajiya injin yana iya zuƙe shi: leda, murfin gora, takalmi silifa, carbi, ko ganyen da aka naɗe goro. Ma'aikata sukan jeru su bi fili a ƙasa suna tsintar irin waɗannan abubuwa. Wanda ke ganin an cika tsanani, ya tuna da jirgin Concorde da ya faɗi kusa da birnin Faris ranar 25 ga Yuli 2000. Wani siririn ƙarfe ne, tsawonsa bai kai rabin mita ba, ya faɗo daga jirgin da ya tashi gabansa da 'yan mintoci. Tayar Concorde ta taka shi ta fashe, ɓarin tayar ya daki tankin mai, wuta ta kama, mutum 113 suka rasu.

A watan Yuni na 2017 kuma, a filin jirgin Pudong na birnin Shanghai, wata tsohuwa mai shekara 80 za ta hau jirgi zuwa Guangzhou, sai ta watsa tsabar kuɗi tara wajen injin, wai don neman sa'ar tafiya. Ɗaya ya shiga ciki. Aka sauke fasinja duka, makanikai suka duba injin, aka yi jinkiri na kimanin awa 5. Niyyarta alheri ce, amma injin bai san niyya ba.

SAUKA A MADINA

Mun isa filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina da dare. Tun jirgi bai gama tsayawa ba wasu suka miƙe suna buɗe ma'ajin kaya na bisa kai, ma'aikatan jirgi suna roƙo a zauna. Ɗoki ne, kowa ya san abin da ke zuciyar wanda ya ga fitilun Madina karo na farko. Amma jirgin da ke tafiya a ƙasa yana iya taka birki ba zato, wanda ke tsaye ya faɗa kan na zaune, jaka ta faɗo a kan wata tsohuwa. Ba a kwance ɗamarar kujera sai alamarta ta mutu.

Ƙofar babban jirgi ta kai kusan mita 5 daga ƙasa, tsayin bene ke nan. Mai babbar riga ya tattare ta kafin ya sa ƙafa a matattakala, hajiya ta kama gefen zanenta, a bar hannu ɗaya domin riƙe ƙarfen gefe. Wanda jirginsa ya nufi Jidda kai tsaye, ya sauko cikin harami da silifa, ya ɗaure mayafinsa da kyau, don iskar fili ba ta da kunya. Mai ƙarfi ya karɓi jakar tsoho, ya bar shi ya sauka a hankali, kada a turo shi daga baya. Mai ƙaramin yaro ya riƙe hannunsa tun daga ƙofa.

Da muka taka ƙasa, wani bawan Allah ya fita daga sahu zai yi sujadar godiya a kan kwalta, wasu samari kuma suka juya baya suna ɗaukar hoton kansu da jirgi. Jami'in da ke wurin ya ɗaga dattijon cikin ladabi ya nuna masa bas. Babu mai ƙin godiya ga Allah, amma wanda ya sa goshi a ƙasa cikin dare ya gajarta, direban motar kaya ba zai hango shi ba. Masallaci yana nan cikin ginin, nan da minti biyar.

RUMFUNAN JIDDA

Ta Jidda muka dawo. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana arewa da gari, an buɗe shi a 1981, kuma zangon alhazai da ke cikinsa abin kallo ne. Rumfuna ne farare 210 masu siffar tanti, kowace mita 45 tsawo da faɗi, an rataye su a kan dogayen ginshiƙan ƙarfe, gefensu a buɗe don iska ta ratsa, zafi kuma ya fita ta kafar da ke ƙololuwar kowace. Injiniyan da ya tsara yadda za su tsaya, Fazlur Rahman Khan, mutumin Bangaladash ne, kuma a Jidda Allah Ya yi masa rasuwa a 1982. Ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1983. A ƙarƙashin waɗannan rumfuna za ka ga mutumin Indonesiya da na Turkiyya da na Damagaram kowa zaune a kan kayansa yana jiran kira.

A nan ne fitinar kaya ke tashi. Kowa ya yi tsaraba, dabino da darduma da jallabiya da bagaruwa, abin da ya ƙi shiga akwati sai a rataya a wuya. Muka ga hajiyar da ke da jaka a kowane hannu da ƙulli a ka, aka ce ta hau matattakala. Da wane hannu za ta riƙe ƙarfe? Rage kayan hannu ba rowar kamfani ba ce kaɗai, tsaron ƙashin mutum ne.

Akwai kuma abin da bai kamata ya shiga jirgi ba sam, irin su risho da tukunyar gas da kananzir. Ranar 19 ga Agusta 1980 wuta ta tashi a wurin kaya na wani jirgi da ya taso daga Riyad zai je Jidda. Ya juya ya sauka lafiya, ya tsaya, amma ba a buɗe ƙofofi da wuri ba, hayaƙi ya halaka dukan mutum 301 da ke ciki. A zamanin nan an sami wani sabon abu, watau batirin cajin waya na tafi-da-gidanka. Doka ta hana sa shi a akwatin da za a loda a cikin jirgi, sai dai a riƙe shi a hannu inda za a gani in ya fara hayaƙi. Ranar 28 ga Janairu 2025, a garin Busan na Koriya ta Kudu, wuta ta kama a ma'ajin kaya na bisa kai na wani jirgi tun bai tashi ba, masu bincike kuma suka nuna alamar daga irin wannan batir ta faro. Mutum 176 ne a ciki, duka suka fita da ransu, jirgin kuwa ya ƙone.

IN AN CE A FITA

Ana gwada kowane irin babban jirgi kafin a yarda ya ɗauki fasinja, a tabbatar cewa mutanen cikinsa duka za su iya fita cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa. Wannan lissafi bai haɗa da jaka ba. Ranar 20 ga Agusta 2007 wani jirgi daga Taiwan ya sauka a Naha ta ƙasar Japan, ya je mazauninsa ya tsaya, fasinja suna shirin sauka, ashe wani ƙusa ya huda tankin fiffike, mai yana zuba. Wuta ta kama, mutum 165 suka fita duka, jim kaɗan jirgin ya yi bindiga. Haka kuma ranar 2 ga Janairu 2024 a filin Haneda na Tokyo, mutum 379 suka fita daga jirgin da ke ci da wuta, sun bar kayansu a ciki kamar yadda aka umarce su. Ɗan kasuwa zai ce jarinsa ne a jakar. Gaskiya ne, amma daƙiƙa biyar da zai ɓata wajen ciro ta, daga rayuwar na bayansa ya ɗebe su. Fasfo da kuɗi a sa su a aljihu ko a ɗamara tun farko, sauran kuwa, in da rai da rabo. In an sauka, a yi nisa da jirgi ta wajen da iska ke fitowa, kada a tsaya kallo.

Wasu sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma wanda ya faɗi haka ba ya barin shagonsa a buɗe da dare. Waɗannan dokoki ba wani ya zauna ya ƙaga su don wulaƙanta fasinja ba, kusan kowace an rubuta ta ne bayan an yi asarar rai. Muna roƙon Hukumar Alhazai ta Ƙasa da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi su sa wannan darasi cikin bitar maniyyata, da Hausa, a nuna musu hoton jar fitila da robobin da ba a ƙetarewa. Minti goma ya isa.

Da muka sauka Kano, ruwa ya riga ya zauna, fili ya jiƙe, matattakala tana santsi. Muka hango Baba Alhaji a gabanmu yana saukowa a hankali, hannu ɗaya a kan ƙarfe. Hularsa ya cire ya sa a aljihu tun daga ƙofa. Wani matashi ya yi kamar zai ratsa ta ƙarƙashin fiffike don ya riga kowa zuwa wurin kaya, dattijon ya kama hannun rigarsa ya ce, "Ɗana, bi layi. Mai ne a samanka."

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su ga iyalansu lafiya, amin.